Ranar da Giwa Ta Tare Mu, Ni da Baba

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi a Landan. Wasu sun goge, wasu sai an tuna min. Amma akwai guda ɗaya da ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zai fita daga kaina, wato ranar da giwa ta tare mu a daji, ni da mahaifina, kowa a kan doki. Ba a Landan abin ya faru ba, amma a can ya samo asali, don haka daga can zan fara.

A lokacin ina aikin nas a wani asibiti a kudancin birnin. Muna zaune a Catford, a wani flat, wato sashen gida a saman bene, ni da maigidana da 'yarmu ƙarama. Shi yana karatun injiniya. Shekarun nan ne da kuɗin fetur ya shigo Najeriya, kullum cikin baƙi muke, wasu sun zo sayayya, wasu ganin likita. Ranar Juma'a in ka je masallacin Regent's Park sai ka rantse a Kano kake, manyan riguna ne ko'ina a ƙarƙashin kwat. Yayana yana cikin waɗanda abin ya taɓa, ya samu kwangilar gina azuzuwan firamare. Shi ya turo mana Baba da ciwon ciki ya matsa masa.

An yi wa Baba aiki, an cire wani ƙari a hanjinsa, aikin kuma ya yi kyau. Likita ya ce ya zauna 'yan watanni ana duba shi kafin ya koma gida. Ɗinki ya kame, ciwo ya tafi, amma Baba bai tashi ba.

Malamin dabbobi ne a zamanin En'e. Ƙuruciyarsa duk a kan doki ya yi ta, yana bin rugage yana yi wa shanu allura, wani lokaci sai mu daɗe ba mu sa shi a ido ba. Mun taso mun san shi mutum ne mai faɗa da ban dariya, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. To mahaifiyarmu ta rasu ba da daɗewa ba kafin zuwansa, ga ciwo, ga sanyin Ingila. Sai ya zama daga kan sallaya sai kujerar bakin taga. Ya lulluɓa da bargo kusa da hita, ya zuba wa titi ido. Har kasuwar Brixton nake zuwa neman kuɓewa da garin shinkafa don in tuƙa masa tuwo, amma sai ya yi loma kaɗan ya ture kwanon.

"Baba, ka ƙara ko yaya ne."

"Na ƙoshi, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

'Yarmu tana jin Hausa amma da Turanci take mayarwa. Takan hau cinyarsa ta ce, "Grandad, eat your dinner," ya yi murmushi ya shafa kanta, shi ke nan. Ni kuwa nas ce, abin da na iya shi na yi. Magani a kan lokaci, awon jini, kada ya ɗauki abu mai nauyi, kada ya sauka bene shi kaɗai. Likitansa ya gaya min a fili cewa jikin ba shi da sauran matsala, amma in ya ci gaba da ramewa haka, mura ma ta isa ta kai shi ƙasa.

Wata Asabar da hantsi ina wanke-wanke na ji ƙarar ƙofa. Na leƙo, babu Baba a kujera. Na sauko da kumfa a hannu. A wancan zamani akwai wasu Turawa masu keken doki da ke bi layi-layi suna kururuwa, suna karɓar tsofaffin ƙarafa da tsummokara, kamar 'yan gwangwan namu. To ga Baba a tsakiyar titi, da jallabiya da silifas cikin wannan sanyi, ya dafa wuyan wani ƙaton doki mai gashi har kofato, yana yi masa magana da Hausa. Mai keken ya tsaya da sigari a baki yana kallo. Baba ya buɗe bakin dokin ya duba haƙora, sannan ya ce da mutumin, da ɗan Turancinsa na aiki, tsoho ne amma yana samun kulawa. Mutumin ya kwashe da dariya, ya ce shi da dokin duka tsofaffi ne, amma dokin kaɗai ke samun kulawar. Ranar nan Baba ya yi maganar da rabon da in ji irinta tun kafin a yi masa aiki.

Maigidana ya ce tunda haka ne mu nemi inda ake hawan doki. Muka samu wata makarantar koyon hawa ba nisa da unguwarmu, muka kai shi. Wata doguwar rumfa ce a rufe, an baza dusar katako a ƙasa, 'yan mata ƙanana da baƙaƙen huluna suna ta zagaye a layi. Baba ya tsaya ya kalla, ya kalla.

"Wannan shi ne hawan?"

Na ce shi ne.

"Doki a ɗaki? Ku mai da ni gida."

Matar da ke kula da wurin ta lura, ta tambaye ni, na ba ta labarinsa. Ta ce lallai mutum irin wannan ba nan ya dace da shi ba. Wata ƙawarta tana aure a Kenya, suna da wani makeken gidan gona a kan tudu, shanu a gefe, namun daji a gefe. Sun gina masauki na alfarma, baƙi na zuwa hutu, ana fita da su a kan dawakai har cikin raƙuman dawa da jakunan dawa. Ta ce dabbobin ba sa gudun mai doki yadda suke gudun mota.

Da na gaya wa Baba, dariya ya yi.

"Wato in baro Afirka in zo Ingila, sannan in sake hawa jirgi in tafi Afirka kallon daji? Kai, kuɗin fetur ɗin nan sai ya haukata ku."

Can ya ce, "Akwai giwa?"

Na ce an ce akwai. Ya ce rabonsa da ganin giwa tun yana saurayi, a wani kwari a hanyar rangadi, yanzu wurin duk gonakin gyaɗa ne. Na san Baba, tambayar nan kaɗai ta nuna min yana son zuwa.

Na yi booking ɗin waya zuwa Kano, don a lokacin sai ka nema ka jira a haɗa ka. Yaya ya saurare ni har na gama.

"Ke ce nas, ke kika san jikinsa," in ji shi. "Maganar kuɗi ki bar min. Amma ki sani, in wani abu ya same shi a dajin nan, ni da ke ba mu da bakin yi wa dangi bayani. Cewa za a yi an ba ki amanar tsoho marar lafiya, kin kai wa namun daji."

Gaskiya ya faɗa, na kuma daɗe ina juya ta. Amma zaman bakin tagar nan ma ina ganin inda ya dosa. Likita ya yarda bisa sharaɗi: tafiya a hankali kawai, ba sukuwa, ba daɗewa a kan sirdi. Tunda ni zan raka shi, sai na koma wurin matar nan ta koya min. A gidanmu mace ba ta hawa doki, ko linzami ban taɓa riƙewa ba. Na yi 'yan makonni ina zagaye tare da yaran nan, da wandon maigidana a ƙarƙashin doguwar riga, ɗankwali a ƙarƙashin baƙar hula. Na iya tafiya, na iya tsayawa, na iya juyawa. Iyakata ke nan.

Babban jirgi ya sauke mu a Nairobi, wani ƙarami ya ɗauke mu ya ajiye a wani fili cikin ciyawa, mota ta ƙarasa da mu. Ni da na zaci zafi za mu tarar, sai ga wuri mai sanyi, har wuta ake hurawa a murhun falo. Ginin na dutse ne da rufin ciyawa, amma ciki kafet ne, da bahon ruwan zafi, da gadaje masu gidan sauro kamar na amare. Barandar tana fuskantar wani tafki inda dabbobi ke zuwa shan ruwa da yamma, baƙi na zaune da kofin shayi suna kallo. Can nesa ga wani dutse mai ƙanƙara a ka. Sauran baƙin duk Turawa ne, wani Ba'amurke da matarsa da wasu Jamusawa. Mu kaɗai ne baƙar fata a teburin. Ma'aikatan gidan suka yi ta leƙenmu, daga baya suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna gaida Baba, suna kiransa Mzee, wato dattijo. Kukun Musulmi ne, ya fito ya yi mana sallama, ya ce shi ke yanka da hannunsa, mu ci hankali kwance. Shi ya nuna mana alƙibla.

Washegari aka kai mu barga. Uwargidan wurin, wata doguwar Baturiya da rana ta ƙone, ta dubi Baba yadda kwat ke yawo a jikinsa, ta ja ni gefe ta ce zai fi kyau ya riƙa bin mu a mota. Baba ya ji. Ya je ya tsaya gaban wata farar goɗiya yana shafa hancinta. Ta ce to ya gwada a cikin shinge ta gani.

Hawan dai bai yi kyau ba. Ya sa ƙafa a likkafa ya yunƙura, jiki ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Sai da aka gangaro da wani kututture ya taka, ma'aikata suka tallafa masa. Na ga fuskarsa, na kau da kai. Amma da ya daidaita a sama, ya tattara linzami a hannu ɗaya, sai na ga bayan nan da ya daɗe a tanƙware ya miƙe. Ya zagaya shingen ya dawo.

"Sirdin nan nasu kamar faifai," ya ce da ni. "Ba kwacciya gaba, ba baya. Amma goɗiyar tana da hankali."

Uwargidan ba ta ji abin da ya ce ba, amma ta ga zaman. Ta yarda.

Jagoranmu ɗan ƙasar ne, magidanci marar yawan magana, da bindiga a rataye a gefen sirdi. Ya gaya mana ƙa'ida: a bi layi, ba a wuce shi, ba ɗaga murya, in an haɗu da babbar dabba ba wanda zai gudu sai ya ce a gudu. Ni aka ba ni wani jan doki da aka ce ya fi kowane sanyin hali a bargar.

Fitar farko ta kasance yadda matar nan ta Landan ta faɗa. Muka shiga tsakiyar jakunan dawa suna kiwo, ko ɗaga kai ba su yi ba. Raƙumin dawa ya tsaya yana kallonmu ta saman bishiya yana tauna, har ina ganin gashin idonsa. Ba ƙarar inji, sai takun kofato da kukan tsuntsaye. Baba yana bayana yana faɗa min sunaye, wancan kanki ne, wancan ɗan'uwan gwanki ne, wancan kuma babu irinsa a ƙasarmu. Sai dai in mun dawo a gajiye yake liƙis, ya yi salla ya kwanta, abincin ma dai bai wani ci ba. Ni kuma ina nan da halina na asibiti. Baba ka gaji? Baba a koma? Baba ɗaga riga in duba. Giwa kuwa sai kashinta muke gani a hanya.

Ranar da abin ya faru, an shirya fita mai ɗan nisa zuwa wani tudu. Mota ta riga mu zuwa, muka tarar an kafa tebur a inuwa da farin ƙyalle, ana soya ƙwai a tsakiyar daji. Da aka tashi komawa na ga Baba ya ɗan karkata a kan sirdi, leɓensa ya bushe. Na tambayi jagora ko akwai hanyar yanke. Ya ce akwai, ta cikin kwari, bakin rafi. Sauran baƙi suka bi uwargidan ta doguwar hanya, mu uku muka gangara. Jagora a gaba, ni a tsakiya, Baba a baya.

Kwarin yana da duhuwa, ƙayoyi da dogayen bishiyoyi, hanyar kuma siririya ce, doki ɗaya take ci. A damanmu akwai gangare mai duwatsu da ya sauka zuwa rafin. Jagora ya ɗan ba ni tazara, ya sha wata kwana. Kafin in kai kwanar sai ga ɗan giwa ya ɓullo daga cikin ciyayi ya tsaya a kan hanya, tsakanina da jagora. Bai wuce ƙirjin dokina ba. Yana ta kaɗa ɗan hancinsa kamar bai san abin da zai yi da shi ba. Wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne in juya in ce, Baba ga giwarka.

Sai na ji reshe ya karye a hagu.

Ban san abu mai girma haka zai iya ɓoyewa a bayan ganye ba. Uwar ta fito gaba ɗayanta, kusa da mu ƙwarai, har warinta nake ji. Ta ɗaga kai, ta buɗe kunnuwa, ta yi wani kuka da na ji shi a cikin haƙorana. Dokin nan mai sanyin hali ya zabura ya juya a kan ƙafafun baya. Ƙafata ɗaya ta fita daga likkafa, linzami ya kuɓuce, na kifa na rungume wuyansa. Duk abin da aka koya min a rumfar nan ya tafi. Na ji jikinsa ya tattaru zai ruga, inda kuma ya fuskanta gangaren duwatsun nan ne.

Ban ga yadda Baba ya yi ba. Na dai ga farar goɗiya ta gitta a gabanmu, ƙirjin dokina ya bugi kafaɗarta. Baba ya sunkuyo ya cafki linzamina kusa da bakin dokin, ya naɗe a hannu. Dokin ya fizge shi har ya tashi daga kan sirdi, na ji ya yi wani nishi. Abin da ya faɗo min shi ne ɗinkin cikinsa. Amma bai saki ba. Ya koma ya zauna, ya matso da goɗiyar har gwiwarsa na gugar tawa, ya zama shi ne tsakanina da giwar.

"Uwata, dube ni. Ni za ki duba, ba ita ba."

Muryar nan ce da muka sani muna yara, ba ta da ƙarfi amma ba a musa mata.

"Saki wuyansa. Miƙe zaune. Yawwa. Nemi likkafarki da ƙafa, kada ki duba ƙasa. Yi ta hasbunallahu a ranki."

Na yi yadda ya ce. Ta gefen ido ina hango jagora a can ɗaya ɓangaren. Ba shi da hanyar zuwa wurinmu sai ta kan ɗan giwar, hakan kuwa shi zai fi tunzura uwar. Ya zare bindiga amma bai ɗaga ba, ya miƙo mana tafin hannu, alamar kada mu motsa.

Sai giwar ta taso. Ƙasa ta girgiza, ƙananan bishiyoyi suna kwantawa a gabanta. Na rufe ido, na buɗe. Ta ja birki a inda in da Baba ya miƙa sanda zai iya taɓa haurenta, ko kuma haka na gani a lokacin. Ƙura ta rufe mu. Ta kaɗa kai, kunnuwan suna faf-faf kamar ana kakkaɓe tabarma. Dokina yana ta rawa a ƙarƙashina, goɗiyar ma jikinta na ɓari. Baba kuwa bai kalli giwar ba, ƙasa-ƙasa yake yi wa dawakan wata 'yar magana yana tsotsar leɓe, irin yadda Fulani ke lallashin saniya a wurin tatsa.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Ɗan giwar ne ya raba mu. Ya yi wani ɗan ƙara, ya rugo ya shige ƙarƙashin cikin uwarsa. Ta laluba shi da hanci, ta ja da baya tana kallonmu, sannan ta juya ta tura shi gaba suka shige duhuwa. Sai ƙarar rassa tana nisa.

Jagora ya zo ya wuce gaba, muka bi shi a hankali har muka fito fili. Baba yana riƙe da linzamina duk tsawon hanyar. Da muka tsaya na ce ya saki, sai ya kasa. Yatsun sun ƙage. Na sauko na matsa kusa da goɗiyar. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, fatar linzamin ta yanke masa tafin hannu, jini har gwiwar hannu.

"Kin ji ciwo?" ya tambaye ni.

Na ce a'a. Na kama rigarsa na ɗaga, yana kan doki, na duba cikin. Ɗinkin yana nan lafiya.

"Ke, sakar min riga a gaban mutane," in ji shi. Ya dubi wajen kwarin, ya girgiza kai. "Ashe haka take da girma. Na manta."

Jagora ya yi ta ba da haƙuri, ya ce da safe ya ga sawun garken ya yi arewa, bai zaci wata ta rage a baya ba. Baba ya ce in gaya masa ba laifin kowa, uwa ce, mu muka shiga tsakaninta da ɗanta.

A masauki uwargidan ta rikice, tana so ta kira likita ta rediyo. Na ce ta ba ni akwatin magani kawai. Na wanke hannun na ɗaure. Kafaɗarsa ma ta gurɗe kaɗan, ta daɗe tana damunsa. Ina cikin tunanin yadda zan ce a nemo mana jirgin komawa, aka buga ƙararrawar abincin rana. Baba ya tashi ya riga ni zuwa tebur. Aka kawo gasasshen naman rago da shinkafa. Ya cinye, ya miƙa faranti a ƙara, ya aika a tambayi kuku ko yana da barkono. Yana ci yana ba Ba'amurken nan labari da guntun Turancinsa, yana buɗe hannuwa yana kwatanta kunnuwan giwa, bandeji da komai. Ni ko loma ɗaya ban iya haɗiyewa ba, ina dai zaune ina kallonsa.

Bayan la'asar muna baranda mu biyu, ya daɗe yana kallon tafkin. Sannan ya ce,

"Kin san tun da uwarku ta rasu kowa hidimata yake yi. A Kano haka, a wurinki haka. Allah ya yi muku albarka, ba ku rage ni da komai ba. Amma ba wanda ya taɓa cewa, Baba riƙe min wannan."

Na dubi hannun da na ɗaure masa.

"Ba ƙorafi nake ba," in ji shi. "Gobe za ki hau?"

Na ce ni da doki har abada.

"Za ki hau. In ba ki hau gobe ba, tsoron nan zai zauna miki. Ina gefenki."

Na hau. A fili muka tsaya, ba mu ƙara shiga kwari ba, shi kuma yana gefena har muka gama kwanakinmu.

Da muka koma Landan likita ya ɗora shi a sikeli, ya dube ni ya ce ko me muka yi mu ci gaba da yi. Ya tambayi tabon hannun, na ce linzami ne, ban ƙara ba. Yaya kam na gaya masa komai a waya. Ya ce kada in kuskura dangi su ji. Wahalar banza muka yi, don Baba na sauka Kano shi da bakinsa ya ba kowa labari, giwar kuma kullum ƙara girma take yi.

Kafin ya tafi, a sauran makonnin da ya yi da mu, na sakar masa abubuwa. Shi ke raka 'yarmu makaranta, shi ke sayo burodi da madara. Ranar Juma'a ya ce shi kaɗai zai shiga tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ya je masallaci. Ya ɓata a hanyar dawowa, sai yamma ya iso, wani ɗan Gana ya rako shi, Baba yana ta faɗa wai taswirar jirgin ce ba ta da kan gado. Ya koma gida ya yi shekaru masu yawa bayan haka, har ya ga auren wannan jikar tasa.

Ba na ba da labarin nan don in ce dabara ce a kai tsoho marar lafiya gaban giwa. Da ta ƙara taku ɗaya, da wani labarin nake bayarwa, ko kuma ba ni da ran bayarwa. Allah ne ya tsare. Magungunan nan da ƙa'idojin likita ma ba banza ba ne, su suka kai shi har ya iya hawa. Amma na koyi abin da ba a koya min a makarantar nas ba. Mutum yana iya samun abinci da magani da bargo da masu sonsa kewaye da shi, ya ci gaba da dusashewa, in ya ga ba sauran mai buƙatarsa. Na yi shekaru ina jinyar tsofaffi bayan haka, a Landan da kuma gida. Duk wanda na ga ya juya fuska bango ya daina ci, kafin in ƙara masa magani sai in nemo wani abu, ko naɗin bandeji ne, ko lallashin maƙwabcin gadonsa, in ce, don Allah taimake ni da wannan. Ba kowa yake tashi ba. Amma da yawa sukan juyo su miƙo hannu.